Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya Adolescence: ina labarin Katie?

Zuwa ga Jack Thorne da Stephen Graham da Philip Barantini,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Na san sai an fassara muku wannan takarda kafin ku san abin da ke cikinta, in ma ta kai gare ku ke nan. Ba damuwa. Iyaye da yawa masu jin harshena sun kalli fim ɗinku a Netflix, sun yi ta tura wa juna guntayensa ta waya suna cewa a kula da yara, to da ku da su duka nake magana.

Yabon gwani ya zama dole, don haka da shi zan fara. Tun da aka saki fim ɗin mai kashi huɗu ranar 13 ga Maris 2025 nake jin labarinsa, ina ja da baya, don na gaji da finafinan kisan kai da ake mai da gawa kacici-kacici. Da na zauna na kalla, sai na ga ba irinsu ba ne. Ba ku ɓoye mana wanda ya yi kisan ba. Kafin kashi na farko ya ƙare an riga an juyo da fuskar kwamfuta, an kunna hoton kyamarar tsaro, mun ga Jamie Miller ɗan shekara 13 yana caka wa Katie Leonard wuƙa a wurin ajiye motoci. Abin da ya rage a sauran awa ukun shi ne tambayar da ta fi wuya, wato me ya kai shi.

Dabarar ɗaukar kowane kashi a zama ɗaya, ba yanka ba haɗi, na ɗauka burga ce ta masu kyamara. Ashe da dalili. Idan 'yan sanda suka ɓalle ƙofa da sanyin safiya, suka haura sama da bindigogi, suka tarar da yaro a kan gado ya jiƙa wandonsa don tsoro, mai kallo ba shi da wurin gudu. Dole ya shiga mota tare da shi, ya tsaya a gaban teburin caji ofis ana tambayar yaron ko ya karya kumallo, ya jira lauya, ya ga an ɗebi jininsa. Lokacin da aka tuɓe shi don bincike, kyamara ta bar yaron ta tsaya a kan fuskar ubansa Eddie. Malam Graham, kai da ka fito a matsayin Eddie, a wannan minti ban iya haɗiye yawu ba. Haka kuma lokacin da ya gama ganin bidiyon, ɗan ya miƙo hannu, uban ya zabura ya kauce kamar an ɗana masa wuta, sannan ya dawo ya rungume shi. Wannan yaron ne fa ya kalli idonsa 'yan mintuna kafin nan ya ce ba shi ba ne.

Na kuma yaba da abin da kuka ƙi yi. A Ingila da Wales ana iya gurfanar da yaro tun yana ɗan shekara 10, kuma ƙasarku ta san yadda jaridu ke yi da irin waɗannan yara. A 1993, da wasu 'yan shekara 10 su biyu suka kashe wani yaro ɗan shekara 2 a kusa da Liverpool, da dodanni aka riƙa kiransu, kowa ya huta da tunani. Dodo ai ba ɗan kowa ba ne. Ku kuwa kun ba mu yaro mai son zane, mai ƙoƙari a aji, uba mai gyaran famfo da ke fita neman halali, uwa mai haƙuri, yaya mace mai hankali. Ba giya a gidan, ba duka. Duk uban da ya kalla sai ya waiga ya dubi ƙofar ɗakin ɗansa.

Ni ma na waiga. Ina da ɗa namiji ɗan shekara 12, da yayarsa 'yar shekara 15. Da ita muka kalli kashi na huɗu, shi yana barci. A ƙarshe, inda Eddie ya shiga ɗakin Jamie, ya kifa fuska a filo yana kuka, ya ɗauki 'yar tsanar yaron ya lulluɓe ta da bargo yana ba ta haƙuri, ban san sanda hawaye ya zubo mini ba. Na share, ina jin kunyar yarinyar. Ita ko ido bai yi mata ja ba. Ta ɗauki rimot ta rage murya, ta ce, “Baba, su iyayen Katie fa? Ba su da ɗaki a gidansu?”

Ban ba ta amsa ba, don ba ni da ita. Awa huɗu na yi a gaban talabijin a matsayin uban ɗa namiji. Ko sau ɗaya ban tuna ni uban ɗiya mace ba ne, ga ta kuwa zaune kusa da ni. Laifina yana ciki, ban musa ba. Amma ku kuka riƙe kyamarar, kuma inda kuka nuna nan na kalla. Dalilin wannan wasiƙa ke nan.

Mu ƙirga. Awa ɗaya a caji ofis, awa ɗaya a makaranta, awa ɗaya a gidan da ake tsare yaron, awa ɗaya da iyalan Miller. Gidan su Katie ko ƙofarsa ba mu gani ba. Ba mu ga uwarta ba, ba mu ga ubanta ba. Ita kanta, hoto ce a fayil ɗin 'yan sanda, da inuwa a bidiyon tsaro, da tarin furanni a gefen hanya. An ce muryar yarinyar da ta fito a matsayinta ce ke cikin waƙar da ta rufe kashi na biyu, lokacin da kyamara ta tashi sama daga makaranta ta sauka inda aka kashe ta. Abin ya yi kyau, ya kuma taɓa zuciya. Sai dai waƙa ce. Magana da bakinta, ko jimla ɗaya ba ku ba ta ba.

To me mai kallo ya sani game da ita? Abu uku. Ta tura wa wani yaro hotonta ba riga, hoton ya zagaye makaranta. Jamie ya nemi ta fita da shi, ta ƙi. Daga nan ta riƙa yi masa ba'a a Instagram, tana sa masa 'yan alamomin da ke nufin shi insel ne, wato namijin da mata ba za su taɓa so ba. Shi ke nan. Kuma dukkan ukun daga bakin maza muka ji su: daga Adam, ɗan sufeto Bascombe mai binciken kisan, wanda ya ja ubansa gefe ya fassara masa alamomin, sai kuma daga bakin wanda ya kashe ta.

Kashi na uku shi ne gwanin fim ɗin, ba na jayayya. Wata bakwai bayan kisan, ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, masaniyar halayyar ɗan'adam Briony Ariston da yaron. Erin Doherty da Owen Cooper, da suka fito a matsayinsu, sun yi abin da ban taɓa gani ba, kuma da na ji Cooper ya karɓi lambar yabon talabijin ta Emmy a Satumba 2025 yana ɗan shekara 15, ban yi mamaki ba. Yaron na dariya yana tsokanar ta kan yadda take magana, sai ta taɓo maganar mazantaka da ubansa, nan take ya make kofi, ya miƙe ya tsaya a kanta yana daka mata tsawa. Ya koma ya zauna. Ya sake zabura don kawai ya ga ta firgita, da ta firgita ya ji daɗi. Ya ce shi mummuna ne, ya tsaya yana jiran ta ƙaryata shi. A nan ne ya faɗi abin da ya fi komai muni a fim ɗin: ya je wa Katie ne bayan hotonta ya yaɗu, don ya lissafa cewa yanzu ta yi rauni, darajarta ta faɗi, ƙila ta amsa masa. Ya kuma yaba wa kansa cewa a daren yana iya taɓa jikinta amma bai taɓa ba, wai ya fi wasu. Ana jan sa waje yana ihu yana tambayar matar ko tana son sa, ko da kaɗan.

Mai kallo mai nutsuwa zai gane komai daga wannan. Amma na shiga intanet bayan na gama, na karanta abin da mutane ke rubutawa, cikin Turanci da cikin harshena. Da yawa sun fito da hukunci guda: yarinyar ce ta fara, ta zalunce shi, ta kai shi bango. Wasu har da cewa ga illar rashin kunya. Na san ba haka kuka nufa ba. Sai dai idan aka ba mutum ɗaya awa guda yana kuka yana bayani, muna ganin ƙuruciyar fuskarsa, ɗayan kuma aka rage ta zuwa 'yan alamomi a ƙasan hoto, kowa ya san inda tausayi zai gangara. Ba a yi wa wanda ba ya nan shari'a, amma an yi wa Katie.

Ku tsaya ku dubi makonninta na ƙarshe ta wurinta. Yarinya ce ƙarama da ta amince da wani, ya tona mata asiri. Kullum ta shiga aji, ta san kowane namiji a wurin ya ga ƙirjinta a wayarsa, wasu suna yi mata dariya a kai. Ana cikin haka wani ya zo da fuskar tausayi, ita kuwa ta gane lissafinsa sarai. Ba'ar da ta yi masa mugunta ce, ban wanke ta ba, yara suna da mugunta. Amma akwai awa guda cur ta fim a cikin wannan, mai zafi kamar kashi na uku, kuma ba ku ɗauke ta ba. Ƙawarta Jade kaɗai kuka bar mana, wadda ta rufe Ryan, abokin Jamie, da duka a filin makaranta, ta zauna gaban malama tana cewa ba ta da kowa sai Katie. Mintuna kaɗan aka ba ta, kyamara ta bi wani.

Na san amsarku, don kun sa ta a cikin fim ɗin. Saja Misha Frank ta gaya wa abokin aikinta Bascombe a makaranta cewa abin da ke ci mata rai shi ne kullum mai laifi ake sa wa a gaba, kowa zai tuna da Jamie, ba mai tuna Katie. Da na ji wannan na gyara zama, na ce to, yanzu za su juya. Ba ku juya ba. Kun ga ramin, kun nuna mana shi da yatsa, kuka wuce ta gefensa. A ganina faɗar laifi ba ta biyan bashi. Za ku iya cewa labarin iyayen wanda aka kashe an sha ba da shi, na iyayen mai kisa ne ba a taɓa ba, kuma akwai gaskiya a nan. Marubuci yana da 'yancin zaɓar inda zai tsaya. Da fim ɗin ya tsaya a matsayin fim, da na yi gunagunina a falo na yi shiru.

Bai tsaya ba. Firayim Minista Keir Starmer ya faɗa a majalisa cewa yana kallonsa da 'ya'yansa, a ƙarshen Maris 2025 ya karɓi wasunku a ofishinsa na Downing Street, Netflix kuma ta ce za ta bai wa makarantun sakandaren Birtaniya shi kyauta. Daga ranar ya zama abin koyarwa. (Abin dariya, a kashi na biyu kun nuna makarantar da malamai suka gaji, suna kunna wa yara bidiyo su samu sararin kansu, har Bascombe na tambaya ko akwai mai koyon wani abu a wurin. Maganin da gwamnati ta samo shi ne a ƙara kunna musu wani bidiyon. Ga shi kuma fim ɗin na 'yan shekara 15 zuwa sama ne, sa'o'in Jamie ba su kai ba.) A ajin da maza da mata ke haɗe, wajen rabi 'yan mata ne. Namiji zai ga kansa a fim ɗin, zai ga ana ƙoƙarin fahimtarsa, ana tambayar me ke damunsa, an kawo masa abin sha mai zafi. Yarinyar da ke kujerar kusa da shi, wadda ƙila hotonta na yawo a wayoyin ajin a wannan makon, me za ta gani? Za ta ga cewa wadda ta ce a'a ta mutu, kuma bayan ta mutu an yi ta tattauna halin wanda ya kashe ta.

Malam Graham, ka faɗa a hirarraki cewa labarai biyu ne suka tayar maka da hankali har ka fara tunanin fim ɗin, ɗaya a Liverpool, ɗaya a kudancin Landan. Ta Liverpool shekararta 12. A Nuwamba 2021 ta fita da ƙawayenta kallon kunna fitilun Kirsimeti, wasu samari suka ɗauke su bidiyo, ta ce a goge, ɗan shekara 14 ya soke ta a wuya. Ta kudancin Landan, a Croydon, shekararta 15, a Satumba 2023, da safe kafin a shiga makaranta. Ta raka ƙawarta ne karɓo kayanta daga tsohon saurayi ɗan shekara 17, cikin kayan har da 'yar tsana. Ya zo hannu wofi, ta tsaya wa ƙawarta, ya bi ta da wuƙa. An yanke masa hukuncin ɗaurin rai da rai a watan da fim ɗinku ya fito. Dukkansu biyu abu ɗaya suka yi: sun buɗe baki sun ce wa namiji bai isa ba. Su ne asalin labarin, kuma 'yan mata ne masu baki. Da aka zo fim, sai aka rufe bakin. Tun da na san da maganar waccan 'yar tsana ta Croydon, ta ɗakin Jamie ta daina sa ni kuka kamar da.

A majalisar ƙasarku akwai 'yar majalisa Jess Phillips, wadda duk shekara a lokacin Ranar Mata ta Duniya take miƙewa ta karanta sunayen matan da maza suka kashe a Birtaniya cikin shekarar, ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk kwana uku ana samun mace guda. Karatun kan ɗauki mintuna, zauren ya yi tsit. Ba ta bayanin komai, suna kawai take kira, don ta san yadda sunan ke saurin ɓacewa.

Batun waya kuwa, wanda shi ne kowa ya ɗauka ya gudu da shi, ba zan daɗe a kai ba. Malam Thorne, na ji kana goyon bayan a yi irin dokar Ostareliya ta Nuwamba 2024, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta. Ban ƙi ba. An ambaci Andrew Tate, wanda ya yi suna a intanet da kalaman raina mata, a fim ɗin, an ambaci ƙa'idar nan ta banza da ke cewa kashi 80 na mata kashi 20 na maza kaɗai suke so, kuma na yarda guba ce. Amma fim ɗinku ya fi masu tallata shi hankali. Kun nuna uban da ke kau da kai idan ɗansa ya kasa a filin ƙwallo, uban da ya taɓa rushe rumfar bayan gida don fushi, wanda matarsa da 'yarsa ke lallaɓa shi a mota ranar da ya cika shekara 50 kamar masu ɗauke da ƙwai. Shi kansa belt ya sha a hannun nasa uban, ya rantse ba zai daki 'ya'yansa ba, ya kuma cika alkawari. Duk da haka yaron ya koyi yadda namiji ke cika ɗaki da tsawa mata su yi shiru. Wannan darasi ya girmi intanet. Idan aka ƙwace wayoyin gobe, raina mace na nan inda yake, kuma hanya mafi sauƙi ta koya wa yaro cewa yarinya mutum ce ita ce a bar shi ya zauna da ita awa guda, ya ji tsoronta da dariyarta da shirmenta, kamar yadda kuka zaunar da mu da Jamie.

Ga roƙona. In har za ku koma wa wannan labari, ko da kashi ɗaya ne, ku ba Katie awarta. Ku yi ta yadda kuka iya, ɗauka ɗaya ba yanka. Ku fara daga yammacin ranar, tana gaban madubi, wayarta na ƙara tana tsoron dubawa, uwarta na kira daga ƙasa. Kada ku mai da ita waliyyiya. Ku bar ta da tsiwarta, mu ga sanda take danna waɗancan alamomi tana dariyar mugunta, mu kuma ga abin da ya faru da ita a aji kafin nan. Ko kuwa ku kai mu ɗaya gidan da 'yan sanda suka je a daren, inda ba su ɓalle ƙofa ba, suka ƙwanƙwasa a hankali suka cire hula. In kuma ba za ku koma ba, to ku yi amfani da bakin da kuke da shi yanzu a wurin gwamnati da makarantu, ku ce duk malamin da zai kunna fim ɗin ya ware lokaci ya tambayi 'yan matan ajin abin da ba a nuna ba.

Washegarin da muka gama kallo, na kira ɗana na karɓi wayarsa na bincika, na yi masa tambayoyi kan alamomi da abokai har ya gaji da ni. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, na shafa wa nawa ruwa. Sai bayan kwana biyu na tuna ban tambayi yayarsa komai ba. Da na tambaye ta, ta yi shiru, ta ce a ajinsu ma an taɓa yaɗa hoton wata, yarinyar ta bar makarantar, yaron kuma yana nan. Ta ce tun bara ne. Ban sani ba.

Da ta ga ina wannan rubutu, ta ce in ƙara muku tambaya ɗaya daga wurinta. Yaron da Katie ta tura wa hoton, wanda ya raba wa makaranta, me aka yi masa? Na sake bin kashi huɗun daga farko don in samo mata amsa, ban ga inda aka ko kira shi ofis ba.

Naku,
Wani uba mai ɗa da ɗiya